Sankarar Bakin Mahaifa Da Matan Zango: Tarihin Da Ba Mu Cika Bayarwa Ba

Duk lokacin da muka zauna ba da tarihin zamanmu a Agege, daga goro muke farawa, mu bi ta kan shanu, mu ƙare a jirgin ƙasa. Kakanninmu fatake sun daɗe suna taka sayyada zuwa Gwanja neman goro, wata da watanni a hanya su da jakunansu. Da Turawa suka shimfiɗa layin dogo daga Ikko, ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai fatauci ya juyo kudu. Manoman Agege, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu tun 1907 a zamanin su J. K. Coker, da koko suka yi suna, daga baya goro ya samu wuri a gonakin yankin, ga kuma tashar jirgi a kusa. Bahaushe ya zo saye, ya kwana, ya shekara, ya yi gida. Haka Zango ta kafu.

Abin da iyayenmu suka gina a zangon nan ba ƙarami ba ne. Akwai maigida mai saukar baƙi, wanda zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kuɗi, ya tsaya maka wajen ciniki. Akwai dillali, akwai liman da ladan, akwai sarkin fawa, akwai Sarkin Hausawa da ke shiga tsakaninmu da masu gari. Ko makafi da kutare an naɗa musu sarakunansu. Baƙo ya rasu ba dangi, ba a rasa masu yi masa sutura. To amma idan aka duba da kyau, duk wannan tsari an yi shi ne saboda namiji matafiyi da dukiyarsa. Mace tana shigowa tarihin ne a matsayin matar wane, ko mai tuwon da 'yan ci-rani ke ci a wurinta.

Wani Bature mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kan zaman Hausawan can a 1969. Duk da Sabo ba Agege ba ce, wanda ya tashi a zango zai gane hoton. Ya tarar da matan aure suna cikin kulle, suna sana'a daga tsakar gida, yara na yi musu talla. A ɗaya gefen kuma ga matan da ba su ƙarƙashin aure, masu zaman kansu, suna da nasu gidajen da nasu shugabanci. Ya kuma lura cewa sau da yawa mace ɗaya ce ke ratsa duka biyun a rayuwarta: yau tana ɗakin miji, gobe aure ya mutu ga gida da nisa, jibi ta sake aure. Ta cikin gida ba ta fita sai da izini, ta waje kuma ba ta da mai tsaya mata. Dukkansu babu wadda hanyar asibiti ta miƙe mata. A wannan gurbin ne cutar da za mu yi magana a kanta ta samu wurin kwanciya.

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke can ƙasan mahaifa, wadda ke buɗewa lokacin haihuwa. Kusan duk sankarar da ke kama wurin, wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke jawo ta, kuma ta hanyar kwanciyar mace da namiji ake ɗaukar ta. Ƙwayar ta yi yawa a duniya ta yadda akasarin manya, maza da mata, sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba su sani ba, jiki ya kashe ta da kansa. A jikin wasu matan ne take maƙalewa, ta riƙa sauya fatar wurin a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Idan garkuwar jiki ta yi rauni, kamar mai ɗauke da HIV, abin yakan yi sauri, shekara 5 zuwa 10, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata har sau shida. A duk tsawon waɗannan shekarun mace ba ta jin ciwon komai.

Sai tafiya ta yi nisa alamu ke bayyana: jini bayan kwanciyar aure, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini bayan al'ada ta ɗauke gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ba ya yankewa. Mun san sunan da matanmu ke ba waɗannan abubuwa. Ruwan nan sanyi ne, sai a tafi kemis ko wajen mai saiwoyi, a sha, a yi tsarki, a yi matsi. Jinin kuwa istihala ne, sai a aika tambaya wajen malam a kan sallah da azumi. Malam zai ba da hukunci daidai yadda littafi ya faɗa, amma da wuya a ƙara da cewa jinin ciwo yana da dalili, a je likita ya duba. Wata a ce jinnul ashiƙ ne, wata a ce kishiya ce. Kafin a ambaci asibiti an ci shekara guda ko biyu. Ita kanta kalmar daji da muke kiran cutar da ita tana nuna yadda muka ɗauke ta, abin da ya fi ƙarfin cikin gari, abin da wasu ma ke cewa ba ya son allura.

Su ma Turawa sun daɗe cikin duhu. A 1842 wani likita a birnin Berona na ƙasar Italiya, Rigoni-Stern, ya bi littattafan rajistar mamata na shekaru masu yawa, ya ga sankarar mahaifa ta fi kashe matan aure da waɗanda mazansu suka mutu, ba ta cika taɓa matan coci da ba sa aure ba. Daga nan aka fara zargin tana da alaƙa da kwanciya. Wannan ganowa ta taimaki ilimi, amma ta bar wa cutar tabo, domin mutane sun yi saurin cewa ciwon masu yawon banza ne. Har yau tabon yana nan, kuma zalunci ne. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, tun da namiji yana ɗauke da ƙwayar ba tare da wata alama ba, yana iya kawo ta daga tsohon aure ko daga tafiye-tafiyensa. A al'umma irin tamu, inda auri-saki ya yi yawa kuma maza ke shekara a kurmi iyali na gida, wannan ba magana ce da za a kauda kai a kanta ba. Likitoci sun kuma tabbatar cewa ɗaukar ciki da ƙananan shekaru, da yawan haihuwa, da shan taba, suna ƙara haɗarin.

Mataki na farko na rigakafi ya zo ne daga George Papanicolaou, likita ɗan ƙasar Girka da ya yi aiki a Amurka. Tun 1928 ya ce idan aka shafo ɗan abu daga bakin mahaifa aka duba a madubin likita, za a iya ganin sankara tun ba ta yi ƙarfi ba. Ba a saurare shi ba sai bayan littafin da suka fitar da abokin aikinsa a 1943. Ƙasashen da suka mayar da wannan gwaji al'ada sun ga mace-macen cutar sun ragu da fiye da rabi. Amma ko a Amurka ba kowa ya amfana lokaci ɗaya ba. A 1951 wata baƙar fata talaka, Henrietta Lacks, uwar 'ya'ya biyar, ta rasu da wannan cuta tana da shekara 31 a asibitin Johns Hopkins. An yanki ɗan naman ciwonta ba tare da an tambaye ta ba, ƙwayoyin suka ci gaba da rayuwa a ɗakunan bincike, aka yi amfani da su har wajen gwada allurar shan-inna. Iyalinta ba su san da maganar ba sai bayan fiye da shekara ashirin. Daga baya Bajamushe Harald zur Hausen da ɗalibansa suka gano nau'i na 16 da na 18 na HPV a 1983 da 1984, nau'ukan da ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. Aka samu allurar rigakafi a 2006, shi kuma aka ba shi kyautar Nobel a 2008.

Mu dawo gida. An buɗe rajistar masu sankara ta farko a Najeriya a Ibadan a 1960, kuma tun daga lokacin sankarar bakin mahaifa take sahun gaba cikin masu kashe mata. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, wato LUTH, ya fara aiki a 1962, a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka cika. A nan aka fara gashin sankara a ƙasar nan, a nan kuma aka buɗe sabuwar cibiyar sankara mai na'urorin zamani a 2019. Ke nan 'yar'uwarmu da ke soya awara a Idi-Araba tana iya hango ginin daga inda take zaune. Sai dai gashi da allurar sankara kuɗi ne na dubban ɗaruruwa zuwa miliyoyi, kuma yawanci idan aka kai ga buƙatarsu an riga an makara. Abin da muka saba gani a zango shi ne, idan ciwo ya ci ƙarfin mace a yi karo-karo a sa ta a mota, a ce a mayar da ita gida. Kowa ya san ma'anar wannan kalma. A can za ta cika, a rubuta ta, idan ma an rubuta, cikin mamatan Kano ko Katsina ko Maraɗi. Legas ba ta ƙirga ta ba.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Ita ce ta biyu wajen kashe mata cikin nau'ukan sankara a ƙasar, bayan ta mama. A duniya kuwa an yi asarar mata wajen 350,000 a 2022, kashi 94 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Cuta ce da masu hali suka kusa gamawa da ita, ta koma ta zauna a kan marasa gata.

Akwai wani aiki da aka yi a Indiya da ya kamata mu sani, domin unguwannin da aka yi shi sun yi kama da namu. A birnin Mumbai, asibitin Tata ya bi mata kusan 150,000 na unguwannin talakawa na tsawon shekaru. Ba a jira likitoci ba. An ɗauko 'yan matan unguwa masu ɗan ilimi aka koya musu duba bakin mahaifa da ruwan khal, wanda ake sa wa a kwaɗon ganye. Idan aka shafa shi, wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari cikin minti ɗaya. Da aka fitar da sakamako a 2013, mutuwa daga cutar ta ragu da kashi 31 cikin 100 a ɓangaren da aka yi wa gwajin. Idan aka ga farin tabon da wuri, akan ƙone shi da ɗan ƙarfe mai zafi ko a daskarar da shi, aikin 'yan mintoci, mace ta koma gida da ƙafarta, kuma ba ya hana haihuwa.

To me ya sa duk da haka muke ja da baya idan aka ce allura? Nan ma tarihi ne, kuma ba daidai ba ne a ce jahilci ne kawai. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, cikin kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa. An yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Shi ya sa a 2003, da aka ce allurar shan-inna tana hana haihuwa, maganar ta samu kunnuwan da ke jira, har Kano ta dakatar da ita sai a Yulin 2004 aka dawo. Kuɗin wannan dakatarwa yaranmu ne suka biya shi da ƙafafunsu, cutar ta kuma bazu zuwa wasu ƙasashe. Abin lura shi ne yadda aka fita daga ramin. Sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi sun shigo ciki, malamai sun yi bayani, sannan aka ɗauki dubban matan unguwa suna shiga gida-gida inda namiji ba ya shiga. Wasu sun rasa rayukansu a kan aikin, kamar waɗanda aka harbe a Kano a Fabrairun 2013. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shan-innar daji. Yaran da aka ɗiga wa maganin a wancan lokaci, yau da yawansu suna goye da nasu 'ya'yan.

Allurar HPV ta daɗe kafin ta iso hannun talakan Najeriya. Ostareliya ta fara yi wa 'yan matanta a 2007, Ruwanda a 2011. A nan sai mai kuɗi ke saye a asibitin kuɗi. Sai ranar 24 ga Oktoba 2023 gwamnatin tarayya, lokacin Farfesa Muhammad Ali Pate yana ministan lafiya, ta ƙaddamar da ita kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak, da burin kai wa ga yara miliyan 7.7 a zagayen farko. Legas na cikin zagayen, tare da Kano, Jigawa, Bauchi, Kebbi da wasu jihohi har da Abuja. Sauran jihohi 21 suka biyo baya a Mayun 2024. Dalilin zaɓar waɗannan shekaru shi ne allurar tana tare ƙwayar ne kafin ta shiga, ba ta fitar da wadda ta riga ta shiga. A Ingila, binciken da aka fitar a 2021 ya nuna waɗanda aka yi wa tun suna 12 zuwa 13 cutar ta ragu a cikinsu da kashi 87 cikin 100.

Abin mamaki, Legas mai ji da boko tana cikin jihohin da fitowar ta yi rauni a zagayen farko. Saƙonnin murya sun yi ta yawo a WhatsApp cewa an zo rage yawan al'umma, iyaye suka hana, wasu makarantu suka rufe ƙofa. Ashe tsoron allura ba na Bahaushe kaɗai ba ne. Amma mu muna da wata matsala a kan ta kowa. Makaranta ce babbar hanyar da aka bi wajen samun yaran, duk da an sa rukunin ma'aikata a kasuwanni da unguwanni. Yarinyar da ke ɗauke da farantin dafaffiyar gyaɗa a Pen Cinema da ƙarfe goma na safe ba ta cikin rajistar kowane aji. Haka wadda ke jan makaho a titin Kano da ke Ebute Metta, da wadda ke tsintar tumatir a Mile 12, da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke a gidan wasu, da 'ya'yan waɗanda rikicin Borno da na Zamfara ya koro, da na 'yan'uwanmu na Nijar da ba su da takarda. Kuma waɗannan su ne za a fi saurin aurarwa, su ne za su fi yawan haihuwa, su ne ba za su taɓa jin sunan gwaji ba.

Iyayensu mata ma haka. Gwamnatin Legas tana yin gwajin a wasu asibitocinta, ga Babban Asibitin Orile-Agege kusa da mu, ga LASUTH a Ikeja. Sai dai bayanin da Turanci da Yarabanci yake fita. Bazawarar da ke sayar da tuwo a bakin mayankar Oko-Oba, idan ta bar tukunya ta bi layin asibiti, ranar ba ta da abin kai wa bakin salati. Ta cikin gida sai maigida ya yarda, kuma tambayarsa ta farko ita ce, lafiyarki ƙalau me za ki je yi, ta biyu kuma, wa zai duba ki? Mai zaman kanta kuwa, wadda ta fi kowa shiga haɗari, tana tsoron kallon da za a yi mata tun daga bakin ƙofa, har daga wajenmu. Mun iya karɓar kuɗinta a adashi da gudummawar biki, amma ba ma sa ta a lissafi idan ana maganar matan al'umma.

Maganar kunya ta samu sauƙi yanzu. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita gwajin neman ƙwayar HPV ɗin kanta, kuma ta amince mace ta ɗebo abin gwajin da hannunta, da ɗan tsinke mai auduga, a bayan labule, ba wanda ya ga jikinta. Shawarar hukumar ita ce a fara daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10, mai HIV kuma daga 25. A tsarin da ƙasashen duniya suka ƙaddamar ranar 17 ga Nuwamba 2020, ana son zuwa 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata allura, a gwada kashi 70 na mata suna 35 a sake suna 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Wato ko sau biyu kacal mace ta yi gwajin a rayuwarta, ya yi mata amfani mai yawa. Cikin masu jan wannan yaƙi a duniya akwai tamu, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda aka zaɓa a 2024 ta zama shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da sankara ta duniya.

A ganinmu, abin da ya kawo ƙarshen shan-inna yana nan cikin zango, ba a dai ɗora masa wannan aiki ba. Ungozoma tana shiga kowane ɗaki. Malamar Islamiyya tana tara matan da ba sa zuwa ko'ina sai wurinta, kuma 'yar tallar da ba ta boko takan zo allo ko Islamiyyar dare. Uwar adashi ta san sunan kowace mai tuwo. FOMWAN tana nan tun 1985. Sarkin makafi ya san yaran da ke jagora. Fadar Sarkin Hausawa da ke iya zama da ƙaramar hukuma a kan rikicin kasuwa ko kamen babura, tana iya neman a turo ma'aikatan lafiya mata da mai fassara su zauna a makarantar Islamiyya ranar Asabar. Malamanmu kuma, idan aka kawo tambayar istihala, su haɗa amsar da sunan asibiti.

Yanzu allurar ta shiga jerin rigakafin yau da kullum a ƙananan asibitocin gwamnati, kyauta, kuma 'yar shekara 9 ake nema. Yarinyar da take da 14 a watan da aka ƙaddamar, idan tana wajen talla ranar da masu allura suka wuce, ta riga ta haura shekarun kyauta, sai dai a saya mata. Wataƙila ma tana ɗakin miji a Dopemu ko an kai ta gida. Abin da ya rage mata shi ne gwaji, kuma za ta cika 30 ne a 2039.